Jiragen Fulton biyu: an yaba wa na farko, na biyu ne ya yi aikin

Duk littafin da ya taɓo tarihin sojan ruwan Amurka yakan ɗora wa jirgin Fulton na farko rawanin zama jirgin yaƙi na farko a duniya da ke tafiya da ƙarfin tururi. Ba a yi ƙarya ba. Sai dai yabon ya yi masa yawa, ya kuma rufe wani jirgin mai suna ɗaya da shi wanda ya fi shi amfani nesa ba kusa ba.

Robert Fulton ne ya tsara na farkon, ya raɗa masa suna Demologos, domin ya kare tashar New York daga jiragen Ingila a yaƙin da ya ɓarke a 1812. Ƙirarsa abin kallo ce: gangar jiki biyu a haɗe, da babban wilin da ke kaɗa ruwa a ɓoye a tsakaninsu inda harsashin igwa ba zai same shi ba. An tura shi ruwa a Oktoban 1814. Kafin a gama haɗa shi an yi sulhu, maƙerinsa kuma ya rasu a Fabrairun 1815, sai aka maida sunan jirgin Fulton. Bai taɓa shiga fagen fama ba. Ya zagaya da Shugaba James Monroe a 1817, daga nan ya zama masaukin sababbin sojoji a Brooklyn, har ranar 4 ga Yunin 1829 da albarushin cikinsa ya tashi, ya hallaka mutane fiye da ashirin.

Abin lura shi ne bai bar wa rundunar komai ba. Hafsoshin lokacin sun girma a kan jirage masu tafiya da iska, suna kallon tukunyar tururi a matsayin ƙazanta da hayaƙi. Jirgi ne aka samar cikin gaggawar yaƙi, ba a yi tanadin waɗanda za su gaji iliminsa ba.

Fulton na biyu, wanda aka tura ruwa a 1837, ba wani gwarzon jirgi ba ne. Yana cin kwal kamar hauka, bai kuma dace da doguwar tafiya a teku ba. Amma saboda shi ne aka ɗauki Charles Haswell, injiniya na farko a rundunar. Kwamandansa, Matthew Perry, ya dage sai an ba injiniyoyi matsayi da albashi tsayayye, a daina ɗaukarsu tamkar leburorin haya. Ya kuma maida jirgin makarantar gwajin igwa a gaɓar Sandy Hook. A 1842 majalisar dokoki ta kafa sashen injiniyoyi na sojan ruwa a doka. Aiki ne na takardu da muƙamai, irin wanda ba a kafa wa gunki, amma a kansa komai ya tsaya.

Mai musu zai ce da babu na farko da babu na biyu. Shekaru 22 da ke tsakaninsu sun raunana wannan hujja. Suna ne kawai ya ƙetare su.

An sake gina Fulton na biyu a farkon shekarun 1850, ya faɗa hannun 'yan awaren Kudu a Pensacola a 1861, suka lalata shi a 1862. Kafin nan Perry ya riga ya isa Japan a 1853 da jiragen tururi biyu, Susquehanna da Mississippi, injiniyoyin rundunar na kula da tukwanensu.