Mutuwar ƙashin ƙugu ga masu ɗauke da HIV: abin da ya kamata ku sani

A ranar 20 ga Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, matakin da ya taɓa shirin PEPFAR mai ɗaukar nauyin kaso babba na maganin HIV a Najeriya. Daga baya an cire magungunan ceton rai daga dakatarwar, amma duk hankali ya koma kan ko ƙwayar za ta yanke. Ciwon da ke tasowa bayan shekaru, kamar mutuwar ƙashi, ba a cika maganarsa ba.

Ƙashi da jini yake rayuwa. Idan jini ya daina kaiwa kan ƙashin cinya, inda ya shiga ƙugu, wurin sai ya mutu, a hankali ya rufta. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2002, an yi wa mutum 339 masu HIV hoton MRI, aka samu 15 da wannan matsala, alhali ba su fara jin ciwo ba.

Babban abin da ke ƙara haɗarin shi ne daɗewa ana shan magunguna irin su dexamethasone da prednisolone. A kemis ɗin ƙauyukan Bichi, Ɗambatta ko Kunchi ba wuya a same su ba tare da takardar likita ba. Wanda ya rame yana gudun surutun mutane kan faɗa wa “sha ka fashe” don ya murmure, kuma sau da yawa akwai irin wannan magani a ciki. Giya, taba, yawan kitse a jini da sikila su ma suna ƙara haɗarin.

Ku lura da ciwo a matsematsi ko ɗuwawu da ke sauka gwiwa, ɗingishi, da wahalar tsuguno, hawa babur ko sunkuyawa a gona. Wannan ba targaɗe ba ne, mai ɗori ba zai iya gyara shi ba.

Hoton ƙashi na yau da kullum kan fito lafiya a farkon ciwon, MRI ne ke gano shi da wuri. Don haka idan ciwon ƙugu ya kai makonni, ku faɗa wa likitan da ke ba ku magani, ku nemi a tura ku Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kafin ƙashin ya rufta, ana iya rage masa nauyi da sanda ko a huda shi a rage matsin ciki. Bayan ya rufta, galibi sai an sauya gaɓar, aiki mai tsadar da ka iya kai magidanci ga sayar da gona.

Kada ku daina shan maganin HIV saboda tsoron ƙashi. Idan kuma kun daɗe kuna shan dexamethasone, kada ku bari farat ɗaya, domin hakan na da haɗari. Ku kai wa likita kwalinsa ya tsara muku ragewa a hankali.