Askar Wanzami da Jariranmu Mata

Da yawa daga cikinmu na ɗaukar kaciyar mata al'adar wasu ƙabilu ce can nesa, alhali cire angurya da yankan gishiri a gidajenmu ake yin su. Ranar suna wanzami zai zo aski, sai kaka ta raɗa masa ya duba jaririyar, wai in ba a cire ba za ta ƙi miji idan ta girma. Mai jego tana ɗaki, kunyar surukai ta rufe mata baki. Gishiri kuwa ya fi muni: ana tsaga mace da aska idan naƙuda ta yi tsawo ko amarya ta kasa zama da ango, kuma likitoci sun daɗe suna danganta shi da yoyon fitsari, ciwon da ke raba mace da aurenta. Doka akwai ta, Nijar tun 2003, Najeriya a 2015, amma ɗan sanda ba ya shiga ɗakin mai jego. Abin da ya faru a Senegal ya fi gamsar da ni. A 1997 matan ƙauyen Malicounda Bambara suka fito fili suka ce sun daina kaciyar mata. Wani limami, Demba Diawara, ya lura cewa ƙauye ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba, don tsoron 'yan matan ƙauyen su rasa mijin aure, sai ya bi ƙauyukan da ƙauyensu ke auratayya da su ɗaya bayan ɗaya don a daina tare. A nan ma sarkin aska da ungozoma da limamin unguwa ya kamata a fara zama da su, a kuma sa kakanni a cikin zaman, domin su ne ke aika a kira wanzamin.