Wai Kirista Ba Su Da Haram?

Makon jiya aka kawo wata ƙara gaban Maigida Sarkin Zango, ina gefe da alƙalamina kamar kullum. Wani dattijo ne ya fasa ba wani malamin makaranta hayar ɗaki bayan ya karɓi kafin alƙalami. Hujjarsa guda ce: mutumin Kirista ne, shi kuwa yana da 'yan mata uku a gida, kuma a cewarsa addininsu bai hana su komai ba. Magatakarda ba ya sa baki a zaman sulhu, sai na yi shiru, amma maganar ta tsaya mini a rai.

A ƙidayar shekarar 2021, sama da kashi 70 cikin ɗari na mutanen Ghana Kirista ne, mu Musulmi kusan kashi 20. Su ne maƙwabtanmu a kasuwa, su ne malaman 'ya'yanmu. Abin kunya ne mu zauna da mutane tun zamanin fataken goro, amma abin da muka sani game da addininsu bai wuce abin da muke gani a ƙofar mashaya ba.

Littafinsu ya tsananta a kan sha'awa. A Linjilar Matiyu, babi na 5, an ɗauki kallon mace da sha'awa a matsayin zina da aka riga aka aikata a zuci. Bulus, a wasiƙarsa ta farko zuwa ga Korintiyawa, ya umarce su da su guje wa fasikanci, domin jikin mai bi wuri ne mai tsarki. Malamansu kan kafa misali da Annabi Yusuf, alaihissalam, wanda ya ruga da gudu daga matar maigidansa. Wanda ya karanta suratu Yusuf a makarantar allo ba zai ji wannan baƙon abu ba.

Wanda ya fi burge ni a cikinsu shi ne Agustin, ɗan Afirka ta Arewa, haifaffen Tagaste a shekarar 354, garin da yau ake kira Suk Ahras a Aljeriya. Ya yi sama da shekara goma yana zaune da mace ba aure, har suka haifi ɗa, mahaifiyarsa Monika tana kuka tana yi masa addu'a. Shi da kansa ya tona asirinsa a rubuce: yana roƙon Allah kamun kai, amma can ƙasan zuciyarsa yana fatan a jinkirta amsawa. Wane ne a cikinmu, in zai faɗi gaskiya, bai taɓa yin irin wannan tuba ta gobe ba? Ya bayyana yadda sarƙar take ƙulluwa. Ka biye wa sha'awa ta zama al'ada, ka ƙyale al'ada ta zama dole, har mutum ya wayi gari yana son bari kuma ba ya son bari. Sai a 386, a birnin Milan, ya yanke igiyar, aka yi masa baftisma a 387, ya rasu a 430 yana bishop na Hippo, wato Annaba ta yanzu.

Ba na ɓoye inda muka rabu da shi. Agustin ya koyar cewa kowane ɗan Adam ya gaji zunubin Annabi Adamu, mu kuwa mun yi imani ana haifar jariri a kan fiɗira. Wannan saɓani ne na aƙida, kuma babba ne. Amma mutumin da aka tarbiyyantar da shi a kan kame ido da azumin kwana 40 kafin Ista, zalunci ne a ce masa ba shi da haram. Akwai Kiristan da ya watsar da karatunsa, haka ma akwai namu da ke fitowa daga masallaci ya zarce gidan caca, kuma ba mu yarda a auna Musulunci da shi ba.

Dattijon yana da haƙƙin tsare gidansa, ban musa ba. Maigida ya ce a je a tambayi halin malamin wajen waɗanda ya taɓa zama da su, kamar yadda za a yi wa kowane baƙo ko da sunansa Muhammadu ne. An ɗage zaman zuwa Alhamis.