Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo: Ƙugiyar Hausa da Harshen Python

'Yan uwana ɗalibai, duk wanda ya taɓa kai aikinsa shagunan buga takardu, a nan unguwarmu ta Abattoir ko a wani wuri cikin Jos, ya san yadda ƙugiyar harufanmu ke ɓacewa da zarar an ɗauki takarda daga wata kwamfuta zuwa wata. Sai ƙafa ta koma kafa, ɗaki ya koma daki, ko kuma ka ga wasu alamomi marasa kan gado a gurbin harafin. Ga irina da ya koyi Hausa a matsayin harshe na biyu, wannan ƙugiya ce ke nuna mini yadda zan furta kalma da abin da take nufi. Ra'ayina shi ne, gyaran wannan matsala aikinmu ne mu ɗaliban harshe, kuma ƙofar gyaran a buɗe take.

Bari mu ɗauki Python, harshen sarrafa kwamfuta wanda wani ɗan ƙasar Holan, Guido van Rossum, ya fitar a 1991. Buɗaɗɗiyar manhaja ce, wato kowa na da damar duba cikinta, ya kai rahoton matsala, ko ya aika da gyara. Tun fitowar Python 3 a 2008 harshen ya san ɓ da ɗ da ƙ sarai. Amma in an zo karanta fayil ko ajiye shi ba tare da an faɗi tsarin harufa ba, sai ya bi al'adar kwamfutar da yake ciki. Linux da Mac sukan yi amfani da UTF-8, wanda ke ɗauke da harufanmu, alhali Windows ta Turanci takan bi wani tsohon tsari mai lamba 1252, wanda aka yi domin harsunan Yammacin Turai, babu ƙugiya ko ɗaya a ciki. Shi ya sa shiri ɗaya zai yi aiki lafiya a nan, ya tsaya cik a can.

To, su wa suka tashi tsaye? Victor Stinner na Faransa ya kawo zaɓin amfani da UTF-8 a ko'ina, wanda ya shiga Python 3.7 a 2018. Daga baya Inada Naoki na Japan ya rubuta shawarar a mai da shi tsarin dindindin daga Python 3.15, aka kuma amince. Mutanen da harsunansu ke da harufan da Turanci ba shi da su ne suka yi wannan ɗawainiya, mu kuma muka ci moriya.

Sai dai akwai yoyon da mu kaɗai za mu gani. Alal misali, in ka ce wa Python ya jera kalmomi kai tsaye, zai sa ƙasa a bayan zuma, domin lambar ƙ ta fi ta z. In ka ce ya girmama harafin farko na kowace kalma, jami'a za ta fito Jami'A, saboda ya ɗauka hamza ƙarshen kalma ce. Mai haɗa ƙamus ko manhajar binciken kalmomi da bai san Hausa ba, ba zai lura ba. Haka nan bambancin 'y ta Nijeriya da ƴ ta Nijar, sai wanda ya karanci ƙa'idojin rubutu.

Wani zai ce, ai mu ba injiniyoyi ba ne, ga tsadar data, ga matsalar wuta. Gaskiya ne, amma ba kowace gudummawa ke buƙatar rubuta shiri ba. Rahoto mai kyau layi huɗu ne: kalmar da ka shigar, abin da ya fito, abin da ya kamata ya fito, da irin kwamfutar da ka gwada. Tun 2022 a shafin GitHub ake karɓar rahotannin Python, kuma da Turanci mai sauƙi ake rubutawa.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa da ta tattara jerin kalmomin gwaji masu ƙugiya da hamza, mu nemi 'yan sashen kimiyyar kwamfuta su gwada su a Windows da Linux da Mac, sannan mu aika da sakamakon inda ya dace. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya sa mu dace, amin.