Ɓarayin salula sun haɗa kai, saura gwamnati da kamfanoni da jami'o'inmu

Kuɗin da ɗan ci-rani ya yi wata uku yana tarawa a Abijan ko Tiripoli, yau cikin minti biyu yake isa Tasawa ko Birnin Ƙonni. Cikin minti biyun nan kuma ana iya sace shi. Wani ne zai kira tsohuwa ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, ta karanto masa lambar da ta shigo wayarta. Wani ya ƙwace WhatsApp ɗin mutum ya bi danginsa yana roƙon jika hamsin, wai an kwantar da shi asibiti. Ga kuma ƙirƙirarriyar basira ta iso, wadda ke iya kwaikwayon muryar mutum daga ɗan gajeren saƙon murya.

Masu wannan aiki a tsare suke: akwai mai samo lambobi, akwai mai kira, akwai mai cire kuɗi. Ɓangarori ukun da ya kamata su tare su kuwa, wato gwamnati da kamfanoni da jami'o'i, kowa na riƙe da nasa guntun maganin a aljihu.

Ta fuskar takarda Nijar ba ta baya. Muna da doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yulin 2019 kan laifuffukan intanet. Muna da hukumar HAPDP mai kare bayanan jama'a, da ARCEP mai sa ido kan kamfanonin sadarwa, da ANSI mai kula da zamanantar da ayyukan gwamnati. Ƙasarmu na cikin waɗanda suka amince da yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka, wadda ta fara aiki a 2023. Sai dai a tambayi matashin Yamai abin da ya sani game da dokar 2019. Zai ce ita ce ake kai mutum gidan kaso da ita saboda rubutu a Facebook. Da ita aka hukunta ƴan jarida Samira Sabou da Moussa Aksar a Janairun 2022. An cire ɗauri kan ɓata suna a wannan shekarar, aka maido da shi a Yunin 2024. Duk wannan muhawara kan magana ce. Matar da aka kwashe wa kuɗin cefane tana nan tana jiran wanda zai bi mata sawu.

Bin sawu kuwa aikin masana ne, kuma kayan aikin na hannun kamfanoni. Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecoms sun san layukan da ake yawan ƙorafi a kansu. Nita da Amana da Al Izza sun san irin dabarun da ake yi wa masu aika kuɗi. Kowane kamfani na tsoron a ce an yi masa kutse mutane su gudu, shi ya sa yake yin shiru. Ɓarawon da aka toshe a nan sai ya koma can da dabara iri ɗaya.

A jami'o'in Abdu Mumuni ta Yamai, Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi, André Salifou ta Damagaram, Jibo Hamani ta Tawa da ta Doso, akwai yara masu kaifin kai da ke karatun kwamfuta da sadarwa. Tsaron intanet sana'ar hannu ce kamar kanikanci. Wanda bai taɓa buɗe inji ba, allo kaɗai ba zai mayar da shi makanike ba. Ɗalibin da ya gama bai taɓa ganin harin gaske ba, kamfani zai ce ba shi da gogewa, ya ɗauko masani daga waje da tsada. Yaron kuma ya tattara ya nufi Dakar ko Kazablanka.

Maƙwabta sun nuna ana iya yi. Togo ta haɗa hannun jari da kamfanin Asseco na ƙasar Folan ta kafa Cyber Defense Africa, wadda ke gadin na'urorin gwamnati tana horar da ƴan ƙasa. Benin na da tawagar kai ɗauki ta bjCSIRT, tana kuma shirya gasar HackerLab inda ake zaƙulo matasa masu basirar gano kafar kutse.

Abin da nake ganin ya dace a nan bai fi ƙarfin aljihunmu ba. Na farko, ARCEP ta wajabta wa kamfanonin waya da na aika kuɗi su riƙa sanar da juna da hukuma duk sabuwar dabarar damfara cikin ƴan kwanaki. Na biyu, a cire sunaye da lambobi daga waɗannan bayanai a ba jami'o'i, su zama abin nazarin ɗalibai da kundin kammala karatu. Na uku, duk kwangilar na'ura da gwamnati za ta ba kamfanin waje, a rubuta a ciki cewa zai ɗauki ɗalibanmu koyon aiki, ya bar ilimin a gida. Na huɗu, a samar da lamba guda ta kai ƙara, mai amsawa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci, domin yawancin waɗanda ake cuta ba da Faransanci ake cutar su ba.

Akwai masu fargabar cewa idan gwamnati da kamfanoni suka zauna teburi guda, sirrin jama'a ne zai zama abin ciye-ciye. Fargabar na da tushe, musamman ga mu ƴan jarida. Shi ya sa dole HAPDP ta zauna a teburin da ikon cewa a'a, malaman jami'a su samu damar wallafa abin da suka gano, kuma a riƙa gaya wa jama'a ƙararraki nawa aka karɓa, nawa aka warware, kuɗi nawa aka maido.

Starlink ta shigo ƙasar a 2025, igiyar intanet ta ratsa Sahara na ƙara faɗaɗa, ƙauyukan da ba su taɓa ganin rezo ba suna shigowa. Kowane sabon mai waya sabon abin farauta ne ga ɗan damfara. Ministocin sadarwa da na ilimi mai zurfi su kira shugabannin kamfanoni da na jami'o'i tun bana, a sa hannu kan aiki mai wa'adi. Kafin nan, kai da ke aiko kuɗi daga waje, ka gaya wa su inna kada su karanta wa kowa lambar sirri, ko da muryarka suka ji.