Gyaran dokokin ƙungiyar ɗalibbai: ƙullin yana wajen CASO

Duk lokacin da aka tado zancen gyara dokokin UENUN, ƙungiyar ɗalibban jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, hankali yakan tafi kan zaɓe da wa'adin shugabanni. Amma babban ƙullin yana wajen CASO, sashen ƙungiyar mai kula da jin daɗin ɗalibbai da tsare oda cikin jami'a.

A shekarar 2018, bayan an zargi ƴan CASO da cin zarafin wani malami, ƙungiyar malaman jami'a ta SNECS ta shiga yajin aiki tana neman a rusa sashen. Karatu ya tsaya, aka kuma kori wasu shugabannin ɗalibbai.

Uwar ƙungiya USN tana da ƙima a Nijar tun ranar 9 ga Fabrairun 1990, lokacin da aka harbe ɗalibbai a gadar Kennedy, abin da ya gaggauta zuwan dimokuraɗiyya. Wannan ƙima ce ke zubewa idan ɗalibi yana tsoron ƙungiyarsa.

Gyaran da bai fayyace iyakar ikon CASO da inda za a kai ƙararta ba zai bar wa hukuma ƙofar shata iyakar da kanta.