Wa Ya Sace Barcin Yaran Nan?

Akwai wani hukunci da ake yankewa kowace safiya a ƙofar makarantunmu na sakandare, babu alƙali, babu shaida, balle ɗaukaka ƙara. Yaron da ya iso bayan an kaɗa ƙararrawa sai ya durƙusa a kan tsakuwa, ko ya tsinci shara, ko ya miƙa tafin hannu ya sha bulala. Wanda ya tsallake wannan kuwa, in gyangyaɗi ya kwashe shi a darasin farko, to ya ci sunan malalaci ke nan har ya bar makarantar. Mu dai a ganinmu wannan hukunci zalunci ne, hujjarmu kuwa tana cikin rubuce-rubucen da masana suka tara sama da shekara 30, waɗanda akasarin masu riƙe da bulalar ba su taɓa buɗewa ba.

Tun farkon shekarun 1990 Mary Carskadon ta Jami'ar Brown da ke Amurka, ita da abokan aikinta, suka nuna cewa da zarar yaro ya fara balaga, lokacin barcinsa yakan ja baya ba da son ransa ba. Akwai wani sinadari mai suna melatonin wanda ƙwaƙwalwa ke saki idan duhu ya shiga, shi ne mai shaida wa jiki cewa lokacin kwanciya ya yi. A jikin matashi wannan sinadari yakan makara. Saboda haka yaron da yake ɓingirewa da ƙarfe 9 sa'ad da yake ɗan shekara 8, idan ya kai 15 sai ka ga idonsa biyu har wajen ƙarfe 11, ko da an kashe fitila an tsare shi da tsawa. A 2016 kuma ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10. Mai karatu ya yi lissafin da kansa: wanda barci bai ɗauke shi ba sai ƙarfe 11, mafi ƙarancin haƙƙinsa shi ne ya kai ƙarfe 7 na safe a kwance.

Amurkawa ba su bar maganar a takarda ba. A 1997 birnin Miniyafolis ya mai da lokacin shiga manyan makarantun sakandarensa daga 7:15 zuwa 8:40, a 2014 kuma ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta ba da shawarar kada a fara darasi kafin 8:30. Masu jayayya suka ce aikin banza ne, wai in an ƙara wa yaro awa guda da safe, da daddare zai cinye ta wajen hira. Birnin Siyatil ne ya ba su amsa. A 2016 aka ɗaga lokacin shiga daga 7:50 zuwa 8:45, masu bincike na Jami'ar Washinton suka ɗaura wa ɗalibai wata 'yar na'ura a wuyan hannu mai auna motsi da barci. Sakamakon da suka buga a 2018 ya nuna lokacin kwanciyar yaran bai gusa sosai ba, barcinsu ya ƙaru da minti 34, makinsu ya ɗaga da kashi 4.5 cikin ɗari. A makarantar da 'ya'yan talakawa suka fi yawa kuwa, makara da fashin zuwa suka ragu.

To amma ɗalibin jami'a ba ya haɗiye rubutu kamar lomar tuwo. Binciken Siyatil a makarantu biyu kacal aka yi shi, makin da aka auna kuma na darasi guda ne, wanda malamai suka bayar da hannunsu. Duk wanda ya karanta shi ya fito yana shelar cewa jinkirta ƙararrawa zai mai da daƙiƙi haziƙi, ya ɗora wa binciken kayan da bai ɗauka ba. Haka nan dole a bambance rubutun likita da na ɗan majalisa. Jihar Kalifoniya ta kafa doka a 2019, ta fara aiki da ita a 2022, cewa manyan makarantun sakandare ba za su fara kafin 8:30 ba. Jihar Fulorida ta yi irin wannan doka a 2023, sannan ta janye tilascin a 2025 tun kafin a fara aiki da shi. Masu adawa sukan ɗaga wannan a matsayin nasara, alhali ba ƙaryata maganar melatonin ce ta sa majalisar Fulorida ta janye tilascin ba. Kukan hukumomin makarantu na kuɗi ne da ƙarancin direbobi, domin a can mota ɗaya ce ke kwasar manya da sassafe, ta komo ta kwashi ƙanana.

Mun san abin da wasu dattawanmu za su ce: wannan sangarcin Turawa ne, mu da muka gaji sammako kaka da kakanni. Gaskiya ne an gaji sammako, amma an manta da sauran gadon. Kakannin nan da ke tashi da asuba, ana idar da sallar lisha, in an taɓa 'yar hira a dandali, sai shimfiɗa, ga kuma ƙailula da rana tsaka. Yaron yau fa? Ya tashi daga makaranta ya wuce darasin ƙari, daga nan Islamiyya, ya dawo ya tarar da ɗibar ruwa ko tsaron shago, aikin gida na malamai biyar yana jiransa, ga ƙarar janareton maƙwabta, ga zafi, ga sauro. Mun karɓe masa ƙailular da kwanciyar wuri, muka bar masa sammakon kaɗai, sa'an nan muka ce ya yi koyi da magabata. Wayar hannu ma tana da nata laifin, ba mu musa ba, sai dai binciken Carskadon ya riga wayar shafe-shafe zuwa duniya.

Mu da ke zaune a kudancin ƙasar nan muna da wani ƙarin nauyi da rubuce-rubucen Amurka ba su san da shi ba. Agogo ɗaya Nijeriya ke bi, amma Legas tana can yamma, rana takan fito mata bayan ta fito wa Maiduguri da wajen minti 40. A Legas ba a ganin rana sai wajen 6:30 zuwa 7. Yaron da ke Agege ko Ikorodu, wanda makarantarsa ke wata unguwa mai nisa, yakan fito cikin duhu tare da mahaifinsa don su riga cunkoson motoci. Irin wannan yaro ko an mai da ƙararrawa ƙarfe 9, hanya ba za ta sake shi ba. Ke nan kwafo dokar Kalifoniya kai tsaye ba zai fisshe shi ba, amma hakan bai wanke mai bulala ba, sai ma ƙara masa laifi, domin yana dukan yaro ne a kan gazawar hukumomin da suka kasa samar da makaranta kusa da gida. Abin da ke hannun shugaban makaranta ba ya cin ko sisi: ya ajiye bulalar makara, ya rage tsawon taron safe da ake shanya yara ana maimaita musu sanarwar jiya, ya kai lissafi da kimiyya wajen hantsi, ya sa malamai su riƙa tuntuɓar juna kafin kowa ya jibga aikin gida.

Waɗanda ba su da ko ƙyallin uzuri su ne makarantun kwana. Su ba motar ɗaukar ɗalibai, ba cunkoso, ba iyaye masu gaggawar zuwa ofis. Daga ɗakin kwana zuwa aji taku kaɗan ne. Duk da haka a yawancinsu sai a tsare yara a karatun dare har wajen ƙarfe 10, a tashe su ƙarfe 5 ko kafin nan, bayan salla kuma maimakon a bar su su ɗan koma, sai a miƙa musu tsintsiya da lauje. Muna roƙon shugabannin irin waɗannan makarantu, da 'yan'uwanmu na tsangayar ilimi da za su gaje su gobe, su ɗauki jadawalin da ke manne a ƙofar ɗakin kwana, su ƙirga awannin da ke tsakanin kashe fitila da ƙararrawar tashi, su faɗa mana ko sun kai 8.